Taƙaitawa: saita kafireton babur mai haɗin mai (wanda ake haɗa masa man inji a cikin fetur)

'Yan'uwa, ga abin da na tattaro daga bakin mutanenmu na Agege da Idi-Araba a Legas.

1. Kowa ya yarda a fara wanke iyakilina (matatar iska), a duba ko iska na shiga ta gefen kafireto, kafin a taɓa jet, wato 'yar ƙofar da fetur ke bi a cikin kafireto.

2. Launin bakin fulogi ne shaida. Ruwan ƙasa, lafiya lau. Baƙi mai jiƙe, fetur ya yi yawa. Fari kuwa fetur ya yi kaɗan, injin zai yi zafi har fistin ya kama. Wannan ne ya fi damuna.

3. Ƙaramin jet na sulo ne, allura ta tsakiyar totur, babban jet na cikakken totur. A canza abu ɗaya, a gwada, sannan a ci gaba.

4. Babur ɗin da aka saita a Jos yakan buƙaci jet mafi girma a Legas, don iskar bakin teku ta fi kauri.

An rabu kan haɗin mai: wasu na kan 32:1 (fetur kashi 32, man inji kashi 1), wasu 50:1 don rage hayaƙi. Ni dai ina tare da masu cewa a bi littafin babur.