Tayil mai kama da dutse: wanne za mu saya?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan zaure. Gininmu ya kai wajen tayil. Ni irin mai kama da dutsen nan nake so, marar ƙyalli, a ƙasa da kuma bango ɗaya na falo. Baban Hanif kuma ya kafe sai mai sheƙi. Wa ya taɓa sawa?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. 'Yata, ki turo min shi ya ga falona da hunturu. Baƙi mai sheƙi na sa. Kafin azahar an goge sau biyu, amma sawun kowane jika na nan raɗam. Ki nemi ruwan ƙasa ko ruwan toka mai haske, su ne ba sa tona asirin ƙura.

Injiniya: Ki fara tabbatarwa fosilin ne, ba siramik ba. Shi fosilin a wuta mai zafin digiri wajen 1,200 ake gasa shi, ruwan da yake sha bai wuce rabin kashi 1 cikin 100 ba. A shago ki sa a kifa miki guda, ki ɗiga ruwa a bayansa. In ya shanye nan take, siramik ne, ko me aka rubuta a jikin kwali.

Baban Amira: Ni ba tayil ɗin ne ya cuce ni ba, mai sawar ne. Na sayi fosilin mai santimita 60x120 mai kyau, ya jiƙa a baho kamar yadda suka saba, ya dama siminti zalla ya ɗora. Abin da ba ya shan ruwa, ina siminti zai kama shi? Ba a rufa shekara ba, ka ƙwanƙwasa da makulli sai ka ji ƙwal-ƙwal kamar ƙwarya. Biyu suka tashi a bakin ƙofa.

Injiniya: Shi ya sa. Gam na tayil ake sa masa, a shafa a ƙasa, a shafa a bayansa, balle a bango. A bar tsakani na milimita 2 zuwa 3, kar a haɗe su da juna.

Maman Hanif: To banɗaki fa? Surukata tana zuwa, ina tsoron santsi wajen alwala.

Injiniya: Ki tambayi lambar R, wato ma'aunin yadda tayil ke hana santsi. Falo R9 ko R10 ya isa, banɗaki da tsakar gida R11. Sai dai mai kaushin yana riƙe datti, sai da buroshi.

Anti Nurse: Ni mabul na gaske na sa a kicin. Lemun tsami ya ci shi, manja ya bar tabo. Da na sani da mai kwaikwayon na saya, zoɓo ma mofa ɗaya ce.

Baban Amira: In a Kano kike, zaga Ƙofar Ruwa, in Abuja ne Dei-Dei. Kowa zai ce miki nasa ɗan Italiya ne ko Sifen, alhali da yawa daga Indiya ne ko Sin, wasu ma a nan gida ake yi. Kuma ba laifi, in an faɗi gaskiyar kuɗinsa. Kwalin 60x60 galibi guda 4 ne, murabba'in mita 1.44. Ki ƙara kashi 10 saboda yanka da fashewa, kuma lambar launi ta zama ɗaya a duk kwalayen.

Hajiya Babba: Ki ɓoye kwali biyu a sito. Nawa da ya fashe har yau ban samu irinsa ba, darduma na shimfiɗa a wurin.

Maman Hanif: Allah ya saka da alheri. Hajiya, Asabar bayan la'asar za mu shigo. Don Allah kar a goge falon.