Wace kalma za mu ba cleanup na saƙon commit a Git?

Daga Ali Ɗan Sofo: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Muna tsara darasin Git (manhajar da ke adana tarihin canje-canjen da aka yi wa fayiloli) da Hausa domin ɗalibai a nan Maraɗi. Commit dai, wato adana canje-canje a dunƙule a cikin Git, mun riga mun tsaya kan "ƙulli", kamar ƙullin gishiri a kasuwa: kowane da abin da aka ɗaure a ciki, saƙonsa kuma "bayanin ƙulli". Saura cleanup, gyaran da Git ke yi wa bayanin kafin ya adana shi. Na kawo "shara".

Malamar lissafi: Wa alaikumus salam, Malam. Shara ba ta zauna mini ba, don mai shara ya san datti da idonsa. Git kuwa ba ya duba ma'ana. A tsarin strip yana cire layukan banza na sama da ƙasa, ya goge sararin da ya rage a ƙarshen layi, ya haɗe layuka marasa rubutu su koma ɗaya, sannan ya zubar da duk layin da ya fara da #, diyez ɗin nan da muke latsawa wajen sa kati. Ni "tankaɗe" nake gani. Rariya girman ƙwaya kawai ta sani.

Kuma a nan ake yin asara. Ɗalibi ya buɗe edita, ya fara layi da #27 yana nufin lambar matsalar da ya gyara, ya adana, layin ya ɓace. Da ya yi amfani da -m, wato ya rubuta bayanin a cikin umarnin commit ba tare da buɗe edita ba, layin zai tsira, domin a can tsarin whitespace ke aiki, shi kuma bai taɓa layin diyez. Mai duba aikin wani ya riƙa buɗe git log, jerin ƙullin da aka yi da bayanansu, ya ga abin da ya shiga da gaske.

Daga Zariya: Hajiya ta yi gaskiya. Maganinsa a sauya core.commentChar, saitin da ke gaya wa Git alamar layin da zai zubar, daga # zuwa wata alama, ko a sa commit.cleanup, saitin da ke zaɓar tsarin gyaran, ya zama scissors. Wannan "almakashi" ne kai tsaye: layin da Git ke sawa mai ɗauke da alamar >8, shi da duk abin da ke ƙasansa a yanke, layin diyez na samansa kuwa ya tsira. Verbatim kuma "ba tankaɗe".

Daga Ali Ɗan Sofo: Na karɓi tankaɗe. Amend fa, wato gyara ƙullin da aka yi na ƙarshe?

Malamar lissafi: "Sake ƙulli", Malam. Kwancewa ake yi a ɗaure sabo, lambar da Git ke gane ƙullin da ita ma sai ta canja, shi ya sa ba a yi wa ƙullin da aka riga aka tura wa abokan aiki.