Ina son makarantata, amma gida na son in dawo Kano

Assalamu alaikum. Ina aji biyu a wata jami'a a Sakkwato, ina karanta lissafin kuɗi, CGPA ɗina (wato matsakaicin makina na jarrabawa) 3.9. Wallahi ba ni da ƙorafi: na saba da malamaina, ga abokan da muke bitar karatu tare a masallacin hostel bayan isha'i.

Matsalar ita ce Hajiyarmu na fama da hawan jini, ni ne babba, kuma Kawu ya dage sai na nemi canji zuwa Kano.

Na je wata jami'a a can sau biyu. A ofishin rajista aka ce in kawo takardar sakamakona da wasiƙar sallama daga jami'ar da nake, zan shiga aji uku. A sashen lissafin kuɗi kuwa aka ce sai dai in maimaita aji biyu. Shekara guda ke nan ta tafi, ga kuɗin makaranta. Sunana kuma a jerin ɗalibai na JAMB (hukumar jarrabawar shiga jami'a) yana ƙarƙashin jami'ar da nake yanzu, ina tsoron abin ya dawo mini lokacin bautar ƙasa. Na kasa barci a kan wannan.

Don Allah wanda ya taɓa yin irin wannan canjin: daga aji biyu, aji uku ake shiga ko maimaitawa ake yi?