Tambaya kan yadda ake ƙiyasta ƙarfin ragowar ganyen wiwi da aka riga aka dumama a na'ura kafin a sa shi a girki

Baban Khalid, Winnipeg

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Likita ne ya rubuta mini izinin amfani da ganyen wiwi saboda ciwon jijiyar baya da ya daɗe yana hana ni barci, kuma tun da ya hana ni ƙona shi, na sayi na'urar da ke dumama ganyen har tururinsa ya fito ba tare da ya kama wuta ba. Ina saita ta tsakanin digiri 185 da 195. Ganyen da ya rage bayan an gama yakan koma launin ƙasa-ƙasa, kuma na tara shi a kwalba saboda na ji ana cewa akwai sauran ƙarfi a cikinsa, ana iya jiƙa shi a man kwakwa a riƙa amfani da shi da daddare. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne lissafi. A jikin ledar an rubuta cewa kowane giram ɗaya yana ɗauke da miligiram 180 na THC, wato sinadarin da ke bugarwa a wiwi, amma wannan kafin a dumama shi ne. Yaya mutum zai san abin da ya saura, kuma nawa ya kamata ya fara da shi? Abin da na tara ya fito ne daga giram 10 na sabon ganye.

Malam Na-Allah, Kalgari

Wa alaikumus salam Baban Khalid, Allah ya ƙara sauƙi. Abu na farko da ya kamata a sani shi ne ragowar nan ta riga ta shirya, ba ta buƙatar a sake gasa ta. A ɗanyen ganye, yawancin sinadarin yana zaune ne a matsayin THCA, wanda ba ya bugarwa sai zafi ya mayar da shi THC, shi ya sa masu girki da sabon ganye suke fara sa shi a oben. Na'urarka ta riga ta yi wannan aikin, saboda haka duk abin da ya saura a ciki zai yi aiki ko da cinsa aka yi haka nan, kuma ƙara masa zafi mai yawa ɓata shi kawai zai yi.

Game da ƙiyasi, mu dai da launi muke dubawa. Idan ganyen yana da sauran kore ko ya yi launin ƙasa mai haske, akwai saura da yawa. Idan ya yi duhu sosai yana neman baƙi, kusan an tatse shi. Da zafin da ka ambata, ina ganin naka yana tsaka-tsaki ne, don haka kada ka ɗauke shi kamar shara.

Maman Amira, Toronto

Baban Khalid, sannu da jiki. Aikina harhaɗa magunguna ne, kuma zan ɗan saɓa wa Malam Na-Allah a kan batun launi, duk da bayaninsa na farko daidai ne. Launi yana nuna yawan zafin da ganyen ya sha ne, amma ba ya gaya maka miligiram nawa suka rage, domin a ciko ɗaya na na'urar ma ɓangaren da ya jingina da bangon na'urar yakan fi na tsakiya duhu, sannan yadda aka niƙa ganyen, da tsawon lokacin da aka ɗauka ana zuƙa, da irin na'urar, duk suna sauya sakamakon. Kwalbar da aka tara a hankali kuwa ta haɗa ciko iri-iri, wasu an tatse su, wasu an bar su da rabin ƙarfinsu. Ba a samun tabbataccen adadi sai an kai samfur ɗakin gwaji. Abin da za ka iya yi a gida shi ne ka ɗauka cewa saurar tana da yawa, ka yi lissafi a kan haka, domin kuskure ta wannan ɓangaren ba ya kai mutum asibiti.

Ga yadda zan yi da alƙaluman da ka bayar. Giram 10 sau miligiram 180 ya ba da miligiram 1,800, wato iyakar abin da ke cikin ganyen tun farko. Ka lura cewa da nauyin sabon ganye ake lissafin, ba da nauyin ragowar ba, saboda dumamawa tana fitar da danshi ganyen ya yi sauƙi, kuma wanda ya ɗora ragowar a sikeli ya yi lissafi da ita zai samu adadin da ya gaza. Yanzu mu ƙaddara cewa kashi ɗaya cikin uku ya saura. Wannan zato ne na taka-tsantsan da na zaɓa, ba sakamakon awo ba. Ka samu miligiram 600 ke nan. Idan ka jiƙa shi a mililita 250 na man kwakwa, kowace mililita za ta ɗauki kusan miligiram 2.4, ƙaramin cokalin shayi kuma, da yake mililita 5 ne, zai kai miligiram 12. Don ka gane girman wannan, dokar Kanada ba ta yarda a sayar da abin ci mai fiye da miligiram 10 na THC a ƙunshi guda ba tun da aka halatta sayar da irin waɗannan kayan a 2019, kuma hukumar lafiya ta ƙasa tana ba da shawarar a fara da miligiram 2.5 ko ƙasa da haka. Ma'ana mililita ɗaya tak ita ce mafarinka, kuma da sirinjin ba yara magani za ka auna ta, ba da cokalin kicin ba, tunda cokula ba girmansu ɗaya ba.

Sannan ina roƙonka kada ka kwatanta da abin da ka saba ji idan ka zuƙa. Abin da aka zuƙa yana shiga jini ta huhu cikin 'yan mintuna, mutum ya ji ya tsaya. Abin da aka ci kuwa sai ya bi ta hanji ya isa hanta, inda ake mayar da wani kaso nasa zuwa 11-hydroxy-THC, wanda shi ma yana da ƙarfi sosai a ƙwaƙwalwa. Yakan ɗauki minti 30 zuwa awa 2 kafin a fara ji, yana iya kai awa 4 kafin ya kai ƙololuwa, kuma tasirinsa yakan kai awa 12, wani lokaci a wayi gari da sauransa. Mafi yawan waɗanda ke wahala su ne waɗanda suka jira awa ɗaya ba su ji komai ba suka ƙara. A daren farko ka sha mililita ɗaya, kada ka ƙara ko da ba ka ji komai ba, sai wani daren ka ƙara rabin mililita idan akwai buƙata, kana rubuta adadin da lokacin da abin da ka ci kafin nan, domin abinci mai maiƙo yana ƙara yawan abin da jiki ke tsotsa.

Ka kuma faɗa wa likitanka kafin ka fara, musamman idan kana shan maganin barci, ko magungunan kashe zafi masu ƙarfi, ko warfarin na tsinka jini, ko kana da ciwon zuciya.

Malam Na-Allah, Kalgari

Hajiya, na karɓi gyaran, lissafinki ya fi duban launi tsari. Abin da zan ƙara daga ɓangaren girki shi ne a gwada man shi kaɗai tukuna kafin a zuba shi a kowane abinci. Idan an cakuɗa garin ganyen kai tsaye a ƙullun kek, ba ya rabuwa daidai, sai yanki ɗaya ya kwashe kaso mai yawa wani ya tashi babu komai, kuma duk lissafin da aka yi ya tashi a banza. A niƙa ragowar, a gauraya kwalbar duka wuri ɗaya, a jiƙa a mai a kan wuta kaɗan-kaɗan ba tare da ya kai ga suya ba, a tace da ƙyalle mai tsafta, sannan a sake auna man da ya fito, domin ganyen yana shanye wani abu daga ciki. Masu ƙin ɗacinsa sukan ɗaure shi a ƙyalle su jiƙa a ruwa suna sauyawa, kuma hakan ba ya rage ƙarfinsa sosai tunda THC ba ya narkewa a ruwa, amma dole a busar da shi sarai, in ba haka ba zai yi fumfuna. Kowane sabon haɗi kuma sai an sake gwada shi daga mililita ɗaya, domin ba lallai ya zo daidai da na baya ba.

Yaya Babba, Edimanton

Baban Khalid, tunda don magani kake yi, ni a ganina man da ake sayarwa a shagunan da ke da lasisi ya fi maka, saboda an rubuta miligiram nawa ke cikin kowace mililita kuma an gwada shi, ba sai ka zauna kana zato ba. Na san tsada ce ke sa mutum ya ƙi zubar da ragowar, amma mai ciwo yana buƙatar adadin da ba ya sauyawa daga mako zuwa mako. Idan ka nace sai ka haɗa naka, ka manna wa kwalbar takarda mai rubutu, ka kulle ta inda yara ba za su kai ba, kada ka ajiye ta kusa da man girkin gida. Asibitocin Ontariyo sun ga ƙaruwar yaran da ake kawowa bayan sun ci irin waɗannan kayan a gida, kuma abin da babba zai ɗauka da sauƙi yana iya sa yaro barci mai nauyi har numfashinsa ya raunana. Idan haka ta faru a kira 911 nan take. Kada ka tuƙa mota a daren, ka kuma lura da safiyar da ta biyo baya, domin dokar tuƙi a nan tana hukunta mutum daga nanogiram 2 na THC a mililitar jini. Idan za ka je gida ganin dangi kuwa, ka bar shi a nan. Fitar da shi daga Kanada laifi ne ko da takardar likita, kuma jami'an NDLEA a filin jirgin Kano ko Abuja ba za su dubi wannan takardar ba.

Baban Khalid, Winnipeg

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya Maman Amira, ina shan gabapentin, maganin ciwon jijiya, da daddare, don haka zan fara tuntuɓar likita kafin in taɓa man. Tambaya ɗaya ta rage mini: idan na yi amfani da mililita 500 a maimakon 250, shin lissafin zai koma miligiram 1.2 a kowace mililita ke nan?

Maman Amira, Toronto

Haka ne, kuma hakan ya fi ma sauƙin aunawa, domin kuskuren rabin mililita ba zai yi tasiri sosai ba. Gabapentin kuwa yana sa barci da jiri shi kansa, idan ya haɗu da THC abin yana ƙaruwa, saboda haka ka tambayi likitan ko zai so a raba lokutan shansu.