Taƙaitaccen abin da aka faɗa kan manhajojin tsara fayiloli

Jama'a, maganar da muke yi kan wace manhaja ce ta fi dacewa da tsara fayiloli ta yi tsawo, ga abin da na tsinto:

1. Kusan kowa ya yarda a fara gyara sunaye kafin a ɗora wata manhaja. Sautin da WhatsApp ya raɗa wa AUD-20240312-WA0007 ba mai gane karatun wane malami ne. A sa shekara, wata, rana, sannan sunan abin.

2. Littattafai da PDF: Calibre ce ta fi samun goyon baya, kyauta ce kuma ba ta buƙatar intanet. Sai dai takan kwafe fayil zuwa ma'ajiyarta ta jera shi yadda ta ga dama, wasu kuwa ba sa son haka. Masu rubuta kundin digiri sun ce gara Zotero, manhajar tsara madogaran bincike.

3. Neman fayil a Windows: manhajar Everything, nan take take fito da shi. Ba wanda ya musa.

4. Sauti: MusicBrainz Picard tana gane waƙoƙin da ke rumbunta, amma tafsiri da wa'azi sai an rubuta bayanansu da hannu a Mp3tag.

5. A kan hotuna ne aka rabu. Wasu na tare da Google Photos, wasu sun ce 15 GB ɗin kyauta da Gmail da Drive ake raba shi, ga cin data, gara digiKam a kwamfuta. Ni dai na fi karkata ga digiKam.

6. Masu amfani da dupeGuru, manhajar zaƙulo fayilolin da suka maimaitu, sun ja kunne: a duba kafin a goge, kuma a ajiye kwafi a wani faifan daban.