Shawarwari Ga Mai Kai Ziyara Zangon Kumasi

A hirar da muka yi a Tudun Wada, Kaduna, kan mai zuwa Kumasi, ƙasar Ghana, da niyyar taimaka wa yara, bakin kowa ya zo ɗaya: kada a raba kuɗi a titi. In kana da aboki a can, ka fara sauka gidansa, ya raka ka gaida sarkin zango, domin su suka san gidajen marayu. Wata malama ta dage a sayi littattafan rubutu da takalma can kasuwar Kejetia, a miƙa ta hannun malaman makaranta, kada yaro ya ji kunya gaban tsararsa. Na goyi bayanta ƙwarai. Hoton yaro kuwa, sai da izinin iyayensa. Tsarabar hula da turare ta isa. A tafi da katin rigakafin cutar shawara.