Dogon layin jira a JavaScript: wa ya taɓa cin karo da jinkirin shift()?

Mai buɗe zance:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina rubuta wani ɗan wasa ne a burauza, mai lalubo hanya mafi kusa a taswira, gida bayan gida. Da Array, wato jeri, na yi layin jiran: push() na sa abu ta baya, shift() na cirewa ta gaba. A ƙaramar taswira komai lafiya lau. Da na faɗaɗa ta, layin ya kai dubbai masu yawa, sai shafin ya ƙame, ko maɓalli ba ya dannuwa. Akwai wanda ya taɓa ganin haka?

Wani ɗan'uwa:
Wa'alaikumus salam. Ni a shafin da ke tara saƙonnin WebSocket (hanyar musayar saƙo kai tsaye tsakanin burauza da uwar garke) ya same ni. A asali shift() matsar da duk abin da ya rage yake yi gurbi ɗaya. V8, injin JavaScript na Chrome da Node.js (manhajar gudanar da JavaScript a wajen burauza), yana da dabarar datse kan jerin ba tare da kwafe komai ba, amma da jerin ya ƙasaita ya koma sashen manyan abubuwa na ƙwaƙwalwa, dabarar ba ta aiki. Shi ya sa jinkirin ba ya zuwa sannu a hankali, kwatsam yake faɗowa.

Wata 'yar'uwa:
Malam, gwada a Firefox ka gani. Tun 2017 SpiderMonkey, injin JavaScript na Firefox, ke ƙirga guraben da aka cire a gaba maimakon matsar da sauran. Ni dai na bar shift() gaba ɗaya. Lamba ɗaya nake riƙewa mai nuna kan layi, in karanta, in ƙara mata ɗaya. Sai dai ka riƙa sa undefined a gurbin da ka wuce, in ba haka ba ƙwaƙwalwa za ta yi ta cika. In kan ya haura rabin jerin, na yanke da slice().

Wani ɗan'uwa kuma:
Ni layi mai zagaye nake so, girmansa ɗaya daga cikin 2, 4, 8, 16 da haka har gaba, don a yi amfani da & a madadin % wajen lissafin komawa farkon zagayen. Node.js kansa haka ya gina layin process.nextTick (layin ayyukan da ke jiran a gudanar nan take), zobba masu gurbi 2048 a haɗe da juna. Na gwada jeri mai sarƙa (linked list, inda kowane abu ke nuna na gaba da shi), amma a wayoyi masu arha, yawan ƙananan abubuwan da yake ƙirƙira ya sa share ƙwaƙwalwa, wato kwashe abubuwan da aka daina amfani da su, ya riƙa katse motsin allo.

Mai buɗe zance:
Na gode Malama, lambar kan layin ta raba gardama. Amma a babbar taswira binciken har yanzu yana wuce milisakan 16 da allo ke da shi kafin ya sabunta. Yanzu zan mayar da shi Web Worker, mai gudanar da aiki a bayan fage ba tare da tsayar da shafi ba. Wa ya taɓa tura taswira mai girma haka tsakanin Worker da shafi?